Ƙaramar mota da hanyar gida: Daga Yelwan Yawuri zuwa gaɓar Kainji

Ranar da na sayar da tsohuwar motata ƙirar jif mai fulogi shida, ban yi baƙin ciki ba. Shekara tara muna tare, ta kai ni gida ta dawo da ni ba adadi, amma tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur zamanmu ya soma tsami. Litar da muke saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000. Malamin jami'ar da yajin aikin wata takwas na 2022 ya riga ya cinye ɗan abin da ya tara ba shi da ƙarfin ciyar da inji mai baki shida. Sai motar ta koma kwana a gindin darbejiya tana shan ƙura, ni kuma na koma hawa kabu-kabu a titunan Sakkwato da takardun ɗalibai a hammata.

Abin da na ƙudurta saya a madadinta shi ne irin ƙananan motocin nan masu guntun baya, waɗanda ba su da ɗakin kaya daban, ƙofar baya kawai ake ɗagawa a zuba kaya a bayan kujera. Na kuma nace sai mai giyar otomatik, saboda gwiwata ta hagu ta gaji da taka kuloci a cunkoson bakin kasuwa, kuma uwargida ce za ta riƙa kai yara makaranta da ita. Lissafina mai sauƙi ne: gida zuwa jami'a, jami'a zuwa kasuwa, kasuwa zuwa gida. Da na kai wa bakanikena wannan lissafi, wani dattijo da ya shekara fiye da talatin a ƙarƙashin motoci, sai ya goge hannu da tsumma ya dube ni ya ce, “Dakta, wagga da kaka hwaɗi motar gari ta. To, in an yi hutu ina kaka zuwa da ita?” Na yi dariya na ce ai gida sau uku ne ko huɗu a shekara. Bai ƙara cewa komai a kan wannan ba.

Ya dai yi mini karatun da ban samu a aji ba, kuma zan so mai karatu ya amfana da shi. Ya ce abin da muke haɗawa mu kira otomatik iri uku ne. Akwai ta gargajiya mai giya huɗu, wadda mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya. Ita ce kusan kowane bakanike ya sani, kuma tana da haƙuri. Akwai wadda ake kira CVT, wadda ba ta da matakan giya, bel ne na ƙarfe ke yawo tsakanin faya-faye biyu. Tana tattalin mai, amma tana da nata man giya na musamman, ranar da yaron gareji ya ɗura mata na gama-gari an fara haƙa mata kabari. Irinta ce a cikin yawancin Honda Jazz da Fit da kuma Toyota Vitz na baya-bayan nan. Ta uku kuwa asalinta manuwal ce aka ɗora wa kwamfuta tana taka mata kuloci, ana samunta a wasu ƙananan motocin da ake kawowa daga Turai, kuma masu iya gyaranta a garuruwanmu ba su da yawa.

Ya gargaɗe ni game da motar da aka juya wa sitiyari. Tun watan Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motar da aka ƙera wa Japan ko Ingila sai an ciro sitiyarinta an mayar da shi hagu, kuma ingancin wannan aiki ya dogara ga tsoron Allahn wanda ya yi shi. Ya ce in duba takardun kwastan da idona, domin tun da aka haramta shigo da motoci ta kan iyakokin tudu a farkon 2017, ba kowace 'yar Kwatano ce ke da takarda ta gaskiya ba. Ya ce in zaro ma'aunin man giya in duba: in ja ne garau, madalla, in kuwa ya yi duhu yana ƙauri, in yi sallama da dillali. A ƙarshe muka tsaya a kan wata Yaris ta hannu mai inji lita 1.5 da giya huɗu ta gargajiya. Wata takwas ban sami abin zargi a kanta ba. Man da jif ke shanyewa a kwana huɗu yakan kai ni kusan mako biyu, kuma duk lungun da Keke Napep ya shiga ina biye da shi.

Sai ga saƙo daga gida a ƙarshen damina cewa jikin Inna ya matsa, ƙafafunta sun kumbura, hawan jinin ya ƙi sauka. Gidanmu wata tunga ce a gaɓar tafkin Kainji cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, kuma asibitin da ya dace da ita yana Yelwa. A daren ne tambayar dattijon nan ta dawo mini.

Na bar Sakkwato bayan sallar Asuba. Tafiyar kimanin kilomita 300 ce zuwa Yelwa, a kan babbar hanyar da ta taso tun daga Legas ta ƙare a Illela. Na wuce Tambuwal da Aliero rana ba ta yi zafi ba, na karya kumallo a Jega, na bi ta Maiyama zuwa Koko. A inda kwalta ke da lafiya ƙaramar mota ba ta da abin kunya, sai dai duk tirelar da ta gifta sai na ji iskarta ta ture ni gefe, kuma in zan wuce dogon layin manyan motoci sai na kashe na'urar sanyaya ciki don injin ya sami numfashi. A inda manyan motocin suka murje kwalta kuwa, tuƙin yakan koma lissafi: ramin da jif ke haɗiyewa ba tare da na sani ba, yanzu sai na rage gudu na zaɓi ta inda zan bi masa, domin taya mai inci 14 ba ta da zurfin da za ta shanye duka.

Bayan Koko aka shiga ƙasar Shanga, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi uku na Masarautar Yawuri. Nan ƙasa ke sauya kama. Itatuwa suna ƙara tsawo da yawa, giginya da ɗorawa da kaɗanya, dawa ta fi mutum tsayi, fadamun shinkafa kuma sun miƙe ta yamma wajen kogi. Mai tafiya da ido buɗe zai lura da irin motocin da ke fitowa daga hanyoyin ƙauyuka suna hawa kwalta: tsofaffin Golf da Starlet da aka ɗaga wa baya da ƙarin ƙarfe, an labta musu buhunan masara har but ɗin ba ya rufuwa sai da igiya. Su ma ƙananan motoci ne masu guntun baya, dangin tawa ne, amma babu otomatik ko ɗaya a cikinsu. Direbobin nan ba su karanta komai a kan mota ba, hanya ce ta zaɓa musu.

Yelwa ta karɓi motata hannu biyu. Garin ya zauna a bakin Kogin Kwara, inda ruwan ya fara buɗewa ya zama tafki, kuma titunansa na cikin gari sun fi dacewa da ƙaramin abin hawa. Na gangara da ita har kusa da bakin ruwa, inda jirage masu inji ke sauke mutane da babura da buhunan albasa, mata na baza bandar kifi, masunta na fitar da giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa. Yawuri tsohon gari ne a harkar sufuri tun kafin a san taya. Tana cikin ƙasashen da tarihin baka ya lissafa a Banza Bakwai, fataken goro masu zuwa Gwanja sun ratsa ta nan, Mungo Park ya wuce ta cikin jirginsa a 1806 kafin ya halaka a Busa, kuma a 1830 Richard Lander da ƙanensa John sun yi makonni a Yawuri suna neman takardunsa kafin su gangara kogin har teku. Bikin Rigata da ake yi a gaban Mai Martaba Sarkin Yawuri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tuni ne cewa babbar hanyar wannan ƙasa ta asali ruwa ce. Na yi wa Inna sayayya, na cika tanki, domin daga nan gaba sai 'yan bumburutu, na kama hanyar kudu.

Ba a wuce Birnin Yawuri da zuciya sake. Nan ne tsohuwar hedikwatar masarautar, kuma nan ne a ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya suka kwashe ɗalibai da malamai, wasu daga cikin 'yan matan suka yi kusan shekara biyu a hannunsu. Tun daga lokacin duk wanda ya san yankin ya san ƙa'ida: a yi tafiya da rana, a isa kafin La'asar ta yi sanyi. A irin wannan hanya lalacewar mota ta wuce ɓacin lokaci da kuɗin bakanike. Wannan shi ne abu na farko da lissafina na gida-jami'a-kasuwa bai ƙunsa ba.

Na bar hanyar Kwantagora na kama wadda ke bi ta Ngaski ta nufi Wara, daga bisani na saki ita ma na shiga burjin da ke gangarawa tungarmu. Tafiyar ba ta kai kilomita 15 ba, amma ta ci mini fiye da awa guda. Motocin ɗaukar amfanin gona sun bi ta da damina ƙasa na danye, tayoyinsu sun haƙa kwari biyu, tsakiya ta tashi kamar kunyar dawa, rana ta zo ta busar da ita ta zama dutse. Tsakanin cikin motata da ƙasa bai wuce santimita 14 ba, bai ma kai taƙi guda ba. In na sa tayoyi a cikin kwarin, tudun tsakiya ya kankare mata ciki, don haka sai na ɗora taya ɗaya a kan tudun, ɗaya a gefen gona, motar ta karkace kamar jirgin da aka yi wa lodi a gefe guda. Sau biyu na ji ƙarar dutse a ƙarƙashina, sau biyu na fito na kwanta a ƙasa da babbar riga ina leƙen kaskon baƙin mai, ina addu'ar kada in ga ɗigo.

A wata ƙorama da ruwanta ya janye ya bar yashi, motar ta nutse har gindi. Na taka totur, tayoyin gaba suka ƙara haƙa wa kansu rami. Wasu samari Kambari da ke girbi a kusa suka ajiye lauje suka zo. Babbansu ya zagaya motar ya ce, “Alhaji, ai wannan ba ta kai a wahala ba.” Su shida suka kama, suka ɗaga gabanta kamar ana ɗaga gadon amarya, aka cusa rassan itace da kara a ƙarƙashi, na fita. Na tuna shekarar da jif ta kafe a wuri irin wannan, sai da aka nemo tarakta. Rashin nauyi ma wata baiwa ce. Sun ƙi karɓar ko sisi, sai ruwan sanyi da na rage a gora.

Na isa gida ana kiran Magariba. Tungarmu tana cikin garuruwan da aka tayar lokacin gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968. Ruwan ya mamaye ƙasa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,200, ya haɗiye tsohuwar Busa da gungu masu yawa, aka sake tsugunar da mutane kimanin 44,000, Gungawa da Kambari da Lopawa da Sarkawa da sauransu. Inna tana 'yar budurwa aka yi wannan ƙaura. Har yau in ta zauna a ƙofar ɗaki da yamma takan nuna wani wuri a tsakiyar ruwa, inda ni ba na ganin komai sai igiyar ruwa, ta ce can ne lambun albasar mahaifinta, can ne kabarin kakarta. An gina madatsar don ta ba Najeriya lantarki. A daren nan, a gaɓar ruwan da ke juya injinan, fitilar da ta fi kowace haske a tungarmu ita ce ta cikin motata.

Ita ce kuma ta jawo mini. Na'urar hasken rana ta mai cajin waya ta lalace tun makon da ya wuce, don haka da labari ya bazu cewa Dakta ya zo da mota, sai wayoyi suka fara isowa. Wa zan hana? Na ba ƙanena makulli, na shiga wajen Inna. Aka yi ta caji bi da bi, rediyo na yi, fitilar ciki na kunne, har dare ya raba. Da asuba muka shimfiɗa wa Inna a kujerar baya, na murɗa makulli, sai wani ɗan ƙas-ƙas, shi ke nan. Batirin da motar ta zo da shi daga ƙasar sanyi ya ƙare.

Nan da nan matasa suka taru a bayanta, suka ce in sa ta a giya ta biyu su tura. Na ce ba ta da giya ta biyu irin wadda suke nufi, kuma ko sun tura ta har Wara ba za ta tashi ba, domin a otomatik babu kulocin da zai haɗa taya da inji, sai injin ya tashi tukuna man giya ke samun ƙarfin aiki. Suka dube ni kamar na faɗi abin kunya. Kawuna, tsohon masunci da bai taɓa riƙe sitiyari ba, ya ce, “Ɗana, wace irin mota ce wannan da ba ta karɓar taimakon jama'a?” Aka yi dariya, ni ma na yi, amma idona na kan Inna da ke numfashi sama-sama. Wani ya ce a ɗaura mata igiya a ja ta zuwa kwalta, na ce wannan ma ba ya yiwuwa, jan otomatik mai nisa da tayoyin gaba a ƙasa ƙona giya ne. Kawu ya ce to a sa ta a jirgi.

Ban amsa masa da wuri ba, saboda kowa a gaɓar nan yana ɗauke da ranar 26 ga Mayun 2021 a zuciyarsa, ranar da jirgin da ya taso daga ɓangaren Jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a kusa da Wara, kaɗan ne suka tsira. A ƙarƙashin tafkin har yanzu akwai kututturan itatuwan da ruwa ya cinye a tsaye, suna jiran cikin jirgi. Mutanen birni kan tambaya, me ya sa suke cika jirgi haka? Wanda ya bi burjin da na bi jiya ba zai yi wannan tambaya ba. Mai buhu goma na albasa da mai mara lafiya suna shiga jirgi ne don hanyar tudu ta fi ƙarfinsu ko ta fi ƙarfin aljihunsu. Hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, HYPPADEC, ta raba rigunan kariya a garuruwan gaɓa, kuma abin a yaba ne, sai dai riga tana ceton wanda ya riga ya faɗa ruwa ne, hanya kuwa ita ke rage masu shiga jirgin da ya cika.

Allah Ya kawo sauƙi ta hannun wani direban Golf a tungar da ke gaba da mu. Ƙanena ya hau babur ya je, mutumin ya kwance batirin motarsa ya ɗauro shi a baya, ya zo da kansa. Babu wayar haɗi, sai da aka ciro nawa aka sa nasa, motar ta tashi, sannan ya yi dabararsa ta direbobin ƙauye. Da na yi masa godiya sai ya ce, “Yallaɓai, motarka lafiyayya ce, ba ta nan ba ce kawai.” Mun bar gida rana ta take tsaka, awa shida bayan lokacin da na tsara. Na bi burjin nan kamar mai tafiya a kan ƙwai, kuma muka isa asibiti a Yelwa kafin La'asar. Likita ya ce an zo a kan kari. Inna ta kwana biyar, ta samu sauƙi, alhamdu lillahi.

Ranar da aka sallame ta, da na buɗe mata ƙofa ta zauna ba tare da kowa ya tallafe ta ba, sai ta shafa kujerar ta ce, “Wannan ta fi waccan ƙatuwar ladabi. Waccan sai an ɗaga ni kamar buhu.” Shekara tara ina alfahari da jif a gabanta, ashe hawanta azaba ne gare ta, kunya ta hana ta faɗa.

Da na dawo Sakkwato abokan aiki suka ce ai ga irinta nan, in sayar in koma babba. Na yi tunani a kai, na ƙi. Kwana 350 na shekara a gari nake, kuma ba hikima ba ce mutum ya ɗauki nauyin man kwana 350 saboda tafiyar kwana goma sha biyar. Abin da na yi shi ne gyara shiri. Na sayi sabon batir da wayar haɗi mai kauri, na sauya siririyar tayar ko-ta-kwana da cikakkiya, na sa an ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, na ajiye galan ɗin man giyarta a but, domin ba kowane gari ake samun na gaskiya ba. Na karɓi lambar direban Golf ɗin nan. Daga yanzu, da damina da farkon kaka, motata za ta tsaya a inda kwalta ta tsaya, shi ya ƙarasa da ni. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ga wanda ke shirin sayen irin wannan mota, musamman ma'aikaci irina da ke zaune a birni alhali cibiyarsa na binne a ƙauye, shawarata ita ce ya fara da tambayar da dattijon bakanike ya yi mini na yi dariya. Kafin launi da shekarar ƙira, ya tsuguna ya auna tsakanin cikinta da ƙasa, ya kwatanta da mafi munin wuri a hanyar gidansu. Ya tambayi kansa ko akwai mai iya buɗe giyarta a gari mafi kusa da iyayensa, ko sai an ɗauko ta a bayan babbar mota zuwa Kaduna ko Kano. Ya zaɓi giya ta gargajiya in zai riƙa barin gari, ya bar CVT ga wanda ke da amintaccen gareji kusa. Inji mai lita 1.0 ya isa kai yara makaranta, amma da mutum biyar da kaya da zafin watan Afrilu a doguwar hanya, 1.3 ko 1.5 ya fi kwanciyar hankali. Kuma ya sani cewa ranar da batir ya mutu, jama'ar gari duka ba za su iya tashinta da ƙarfin damtse ba.

Akwai kuma abin da tafiyar ta nuna mini wanda ya wuce zaɓen mota. Iyayenmu ma'aikata sun yi zamani da Peugeot 504, Fijon da aka riƙa haɗawa a Kaduna, mota ɗaya mai zuwa ofis ranar Litinin ta je ƙauye ranar Juma'a, saboda an yi ta da sanin irin ƙasarmu. Yau muna sayen abin da aka ƙera wa titunan Turai da Japan da Amurka bayan masu shi sun gama da shi, manyanmu kuma sun warware matsalar hanya ta wajen sayen motocin da ba sa jin rami. Shekara tara ni ma ina cikin wannan ruɗu daidai ƙarfina. Ina wucewa ta burjin gidanmu gilashi a rufe, ban taɓa sanin zurfin kwarinsa ba sai da na kwanta a cikinsa da babbar riga. Ƙaramar mota ma'auni ce mai gaskiya: duk inda ta shiga lafiya, hukuma ta taɓa isa wurin, inda ta kafe kuwa, nan aikin hukuma ya tsaya. Da za a ce kowane shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa daga Yawuri da Ngaski da Shanga ya zagaya mazaɓarsa sau ɗaya a shekara, a watan Satumba, cikin mota irin tawa, ba sai an rubuta masa takardar koke ba.

Mutanen gaɓar Kainji sun ba da gonakinsu da gungunsu da kaburburan kakanninsu fiye da shekara hamsin da suka wuce domin birane su sami haske. Abin da suke nema a madadi bai taka kara ya karya ba: burji mai magudanar ruwa da ake bi da gireda bayan kowace damina, kwalbati a kan ƙoramu, da wutar da za ta caja waya ba sai ɗansu ya zo da mota daga Sakkwato ba. Inna ta ce in gaya wa masu karanta jarida cewa ta gode da addu'a. Kawu kuma ya aiko a tambaye ni ko motar ta koyi karɓar turi. Na ce a gaya masa har yanzu, amma da rani, in ƙoramar ta bushe sarai, za mu zo ni da ita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare matafiya a tudu da ruwa, Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu.